Tambaya da Amsa: Ciwon Zuciyar da ke Ɓoye a Ƙirjin 'Yan Makaranta

Wasiƙun wannan fitowa sun fi karkata kan lalacewar bawul ɗin zuciya, wato ƙyauren da ke hana jini komawa baya, da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, wanda a asibiti ake kira ciwon zuciya na rumatik. Mun tsamo tambayoyin da suka fi maimaituwa, mun taƙaita su, likitocin yara da na zuciya da ke kula da wannan shafi suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne. Na ji ana cewa cikin yaran da muke koyarwa akwai masu ciwon zuciya, alhali ba wanda ya sani, har su kansu. Yaron da ke guje-guje yana buga ƙwallo, ta yaya za a ce zuciyarsa ta taɓu? Kuma yawansu ya kai a damu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ya kai, kuma an auna. Binciken da ya farkar da likitoci ya fito ne a 2007. An duba yara 3,677 a makarantun Kambodiya da yara 2,170 a Mozambik, kowane yaro ta hanya biyu: a saurari ƙirjinsa da abin sauraron likita, sannan a ɗauki hoton zuciyarsa da na'urar eko, wadda ke aiki da sauti irin na sikanin masu juna biyu. A Kambodiya kunne ya kama yara 8, na'ura ta kama 79. A Mozambik kunne ya kama 5, na'ura ta kama 66. Ke nan cikin kowane dubu, sauraro ya gano yara 2 da 'yan kai, hoto kuma ya gano kusan 21 a ƙasa ta farko, 30 a ta biyu. Duk yaro ɗaya da likita ya ji da kunnensa, akwai wajen tara ko fiye da suka wuce ta gabansa lafiya lau a ido.

Daga baya an tsaurara ma'aunin abin da za a kira ciwo a hoton, domin na 2007 ya ɗan yi sassauci, amma tazarar ba ta rufe ba. Wani nazari na 2014 da ya tattara binciken ƙasashe masu fama da ciwon ya samu kusan yara 3 cikin dubu ta hanyar sauraro, kusan 13 cikin dubu ta hanyar eko. Ya kuma nuna adadin na hawa da shekaru: ƙasa da 5 cikin dubu a 'yan shekara 5, kimanin 21 cikin dubu a 'yan shekara 16. Ka lura da wannan hawa, domin shi ne ke nuna cewa ɓarnar taruwa take yi shekara bayan shekara, a daidai lokacin da yaran ke hannunku. Adadin ba ɗaya ba ne ko'ina. Inda ake kwana da cunkoso a ɗaki ɗaya kuma asibiti ya yi nisa, ya fi yawa. A ƙasashe masu arziki ya kusa ɓacewa, in ban da al'ummomin da aka bari a baya, kamar 'yan asalin Ostareliya da na Niyu Zilan. A duniya baki ɗaya an ƙiyasta mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a 2019, kuma yana kashe sama da 300,000 a shekara.

Batun ƙwallo kuwa, zuciyar yaro tana da rara sosai. Idan bawul ya fara yoyo, ɗakin zuciyar da ke tura jini sai ya ɗan buɗe, ya ƙara ƙarfin bugu, ya cike giɓin. Ana iya shekara goma ko fiye a haka yaro bai ji komai ba. Ƙaramin yoyo kuma ba ya yin ƙarar da kunne zai ji, balle a aji mai hayaniya da yaron da tsoro ya sa zuciyarsa ke bugawa da sauri. Lokacin da haki, kumburin ƙafa da kasa kwanciya rigingine suka bayyana, bawul ya riga ya lalace ƙwarai. Wani babban bincike kan majinyata 3,343 a asibitocin ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman ya samu rabinsu ba su haura shekara 28 ba, biyu cikin uku mata ne, kuma kusan 17 cikin ɗari sun rasu cikin shekara biyu. Mafi yawansu tun suna kan bencin makaranta abin ya fara.

TAMBAYA: Likita, ni abin da ban gane ba shi ne haɗin maƙogwaro da zuciya. Ƙwayar cutar ce ke gangarawa daga wuya ta shiga zuciyar? Daga wata uwa.

AMSA: A'a, Malama, ƙwayar ba ta zuwa zuciya. Jikin yaron ne da kansa ke yin ɓarnar bisa kuskure. Akwai bakteriya mai suna sitiref rukunin A, tana kama maƙogwaro, tana kuma haddasa ƙurajen fata masu ruwa da ɓawo, musamman inda ƙazuwa ta sa yaro ya sosa fatarsa ta fashe. Wasu sinadaran da ke jikin wannan ƙwaya sun yi kama da na tsokar zuciya da bawul da gaɓoɓi da wani sashe na ƙwaƙwalwa. Garkuwar jiki ta tashi yaƙar ƙwayar, a wasu yaran sai ta kasa bambancewa, ta auka wa nata. Wannan shi ne zazzaɓin rumatik, kuma yakan zo ne mako biyu zuwa uku bayan maƙogwaron ya warke, lokacin da kowa ya manta an yi shi. Ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15. Ba kowane yaro ne ke yinsa ba. Ko a lokacin annobar ƙwayar, kusan 3 cikin ɗari ne na waɗanda ba a yi wa magani ba.

Zuciya ɗaki huɗu ce, da bawul huɗu. Ki ɗauki bawul tamkar ƙyauren da ke buɗewa ta gefe ɗaya kawai: jini ya wuce, ya rufe a bayansa. Wanda ciwon ya fi ci shi ne maitiral, tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a ɓangaren hagu. Yana da fallaye biyu da wasu siraran igiyoyi da ke riƙe da su. Na biye da shi ayotik ne, a bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini zuwa jiki. Kumburin farko yana sa igiyoyin su saki, zoben bawul ɗin ya buɗe, jini ya riƙa komawa baya. Idan kumburin ya lafa sai ya bar tabo. Kowace sabuwar kamuwa da sitiref tana iya tayar da shi, tabo ya hau kan tabo: fallayen su yi kauri, igiyoyin su gajarce, gefunan su manne da juna. Ƙofar maitiral a babba mai lafiya faɗinta santimita murabba'i 4 zuwa 6 ne. Idan ta tsuke zuwa 1.5 ko ƙasa, jini na taruwa a huhu, ɗakin sama ya kumbura, bugun zuciya ya rikice, gudan jini ya samu wurin zama, daga nan ne shanyewar ɓarin jiki ke samun matashi ɗan shekara ashirin da wani abu.

Abin da ke sa a rasa shi tun farko: yara da yawa ba sa yin zazzaɓin a bayyane. Ɗan zafin jiki ne da ciwon gwiwa na kwana biyu, a sha maganin ciwo, ya wuce. Kumburin bawul ɗin kansa ba ya ciwo.

TAMBAYA: An zo makarantar su ɗana an yi wa yara hoton zuciya. Shekararsa 11. Aka aiko mana takarda cewa an ga alama a bawul ɗinsa, mu kai shi a sake dubawa. Yaron ƙalau yake. Mahaifiyarsa ta kasa barci. Ciwon zuciya ne ke nan ya tabbata?

AMSA: Malam, a kwantar da hankalin uwar gida, amma kada a ajiye takardar a ƙarƙashin katifa. Hoton makaranta tankaɗe ne kawai. Yawanci ana yin sa da ƙaramar na'urar hannu cikin 'yan mintuna, an kuma tsara shi da gangan ya riƙa kamo duk wanda ake shakka, don haka yakan haɗa da masu lafiya. Na biyu, wanda ƙwararre zai yi da babbar na'ura, shi ke yanke hukunci.

Ga abin da zai duba. Yara masu lafiya da yawa suna da ɗan yoyon da ba ciwo ba ne, saboda haka akwai sharuɗɗa. Kafin a kira yoyon maitiral ciwo, sai an gan shi ta kusurwa biyu daban, tsawon feshin jinin da ke komawa baya ya kai santimita 2 (ko 1.5 ga yaron da bai kai kilo 30 ba), gudunsa ya kai mita 3 a daƙiƙa, kuma ya ɗauki duk tsawon matsewar zuciya. A ayotik santimita 1 ya isa. Sannan a duba siffar bawul ɗin: fallen gaba ya kai kaurin milimita 3? Igiyoyin sun yi kauri? Fallen ya sandare ba ya motsi yadda ya kamata, ko bakinsa yana wuce gona da iri? Dole kuma a tabbatar ba lahanin haihuwa ba ne, domin shi ma yana sa yoyo, kuma maganinsa daban. Tarayyar Ƙungiyoyin Zuciya ta Duniya ce ta fitar da waɗannan ma'aunai a 2012, ta sabunta su a 2023, inda ta kasa ciwon mataki huɗu. Matakin A yoyo ne kaɗan ba tare da canjin siffa ba. B ciwo ne mai sauƙi da ya tabbata. C ya yi nisa. D ya riga ya kawo matsala, kamar gazawar zuciya ko buƙatar tiyata. Yaran da ake ganowa a makaranta galibinsu A ne ko B.

Me ke faruwa da su? An samu amsa mai ƙarfi daga arewacin Yuganda a 2021. An tankaɗe yara sama da 100,000, aka bi diddigin kusan 800 masu ɓoyayyen ciwo, 'yan shekara 5 zuwa 17, har shekara biyu. Rabi ana yi musu allurar penisilin duk mako huɗu, rabi ba a yi musu. Cikin masu allura, yara 3 ne ciwonsu ya ƙaru, ƙasa da 1 cikin ɗari. Cikin marasa allura, 33 ne, sama da 8 cikin ɗari. A lissafi, idan an yi wa yara 13 allura shekara biyu, an kare ɗaya daga taɓarɓarewa. Ga kuma ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa wa iyaye ba: kusan rabin yaran, da masu allura da marasa ita, hotonsu ya gyaru. Wato abin da aka gani a ɗanka yana iya komawa da kansa, sai dai har yau babu gwajin da zai nuna tun farko wane yaro ne zai gyaru, wane ne zai lalace. Shi ya sa a matakin B muke ba da shawarar allura ba tare da jan ƙafa ba, a matakin A kuma a zauna da iyaye a tattauna, a sake hoto bayan shekara ɗaya zuwa biyu ko da me aka zaɓa. Ka nemi a rubuta maka matakin a takarda, tare da ranar hoto na gaba.

TAMBAYA: Likita ya ce ya ji wani huci a zuciyar 'yata lokacin da take zazzaɓi. Shi ke nan?

AMSA: Ba lallai ba. Yara masu lafiya da yawa ana jin wannan huci a ƙirjinsu, zazzaɓi da ƙarancin jini kuma suna ƙara masa ƙarfi saboda jini na gudu da sauri. A sake saurara bayan ta warke. Idan yana nan, ko tana da tarihin kumburin gaɓoɓi, ko akwai mai ciwon bawul a gidan, a yi eko. Kunne yana kuskure ta fuska biyu: ya tsorata mai lafiya, ya sallami mai ciwo.

TAMBAYA: Yarana biyar, ciwon wuya ba ya ƙarewa a gidan. Kowanne sai na kai asibiti? Wane ne mai haɗari?

AMSA: Hajiya, mafi yawan ciwon maƙogwaron yara na bairos ne, wanda maganin bakteriya ba ya taɓawa. Sitiref kan zama sanadin kusan biyu zuwa uku cikin goma. Na bairos yakan zo da tari, yoyon hanci, dashewar murya ko jan ido. Na sitiref yakan faɗo farat ɗaya: zazzaɓi mai zafi, wahalar haɗiya, tsokokin gefen maƙogwaro sun kumbura sun yi ja, wani lokaci da farin mugunya a kansu, kaluluwar gaban wuya ta fito tana zafi in an taɓa, kuma babu tari. Wasu yaran har da ciwon ciki da amai. Ki haska da tocila, ya ce “aa”, ki gani. Amma ido kaɗai ba ya tabbatarwa. Inda akwai gwajin gaggawa na dangwalo maƙogwaro da auduga, minti goma zuwa sha biyar ya ba da amsa. Inda babu, kuma ciwon bawul ya yawaita a yankin, gara a yi wa yaro mai waɗannan alamu magani da a jira.

Maganin tsoho ne, kuma har yau sitiref bai bijire masa ba. Ko dai allurar benzatin penisilin guda ɗaya tak, ko ƙwayar penisilin V sau biyu zuwa uku a rana, ko amoksisilin miligiram 50 ga kowane kilo na nauyin yaro sau ɗaya a rana, kada ya wuce miligiram 1,000. Na sha, kwana 10 cur ake yi. A nan ake faɗuwa. Zuwa rana ta uku yaro ya warware yana cin abinci, sai a ajiye sauran maganin don wani ƙanensa. Zafin ya tafi, amma ƙwayar tana nan a maƙogwaro tana ci gaba da tsokanar garkuwar jiki. Wanda ya san gidansa ba za a cika kwana goma ba, ya zaɓi allurar, magana ta ƙare. Akwai ɗan sarari: ko an fara magani cikin kwana 9 da fara ciwon, yana hana zazzaɓin rumatik, kuma yana rage haɗarin da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Bayan kwana ɗaya da fara shan magani yaro ba ya yaɗa ƙwayar, zai iya komawa aji. Wanda jikinsa ba ya karɓar penisilin, likita zai sauya masa da wani, irin su azitiromaisin. Ƙazuwa da ƙurajen fata masu mugunya su ma a yi musu magani, gida gaba ɗaya a lokaci ɗaya.

TAMBAYA: Ɗana yana yawan kukan ciwon ƙafa da dare. An yi gwajin jini na ASO, aka ce ya hau, wani ya ce a fara masa allura duk wata. Daidai ne?

AMSA: Da wannan kaɗai, a'a. Gwajin ASO shaida ce kawai cewa yaro ya haɗu da sitiref a makonnin baya, kuma ɗan makaranta lafiyayye ma nasa kan hau. Mun fi ganin kuskure a nan fiye da ko'ina: a ɗaure yaro da allurar shekaru saboda lamba ɗaya a takarda. Ana gane zazzaɓin rumatik ne da tarin alamu, bisa ma'aunin da likita Duckett Jones na Amurka ya fara tsarawa a 1944, aka yi masa gyara na baya-bayan nan a 2015. Manyan alamun biyar ne: kumburin zuciya, ko da eko ne kaɗai ya gan shi, kumburin manyan gaɓoɓi, motsin jiki ba da son rai ba, wani jan zane a fata mai fili a tsakiya, da ƙananan ƙulluttai marasa zafi a ƙarƙashin fata. Ana buƙatar manya biyu, ko babba ɗaya da ƙanana biyu irin su zazzaɓi da hawan ma'aunin kumburi a jini, tare da shaidar sitiref.

Ciwon gaɓar rumatik yana da hali: gwiwa, idon sawu, gwiwar hannu ko wuyan hannu ya kumbura ya yi zafi har yaro ya ƙi takawa, bayan kwana kaɗan ya saki ya koma wata gaɓar. Asfirin da ibufurofen suna kashe shi nan take, wanda ke ɓatar da sawun ciwon, don haka a ba da farasitamol har likita ya gani. Ciwon ƙwauri na dare wanda safiya ke korewa, babu kumburi babu zazzaɓi, ba shi ba ne. A kuma tuna da sikila da ƙwayar cuta a cikin gaɓa. Malamai su riƙe wannan: yarinyar da rubutunta ya lalace kwatsam, abu na suɓuce mata daga hannu, fuskarta na yamutsewa, ba ta iya zama shiru, mai yiwuwa ba iskanci ba ne. Wannan motsi na ba da son rai ba kan zo wata ɗaya zuwa shida bayan maƙogwaron, yana tsayawa in ta yi barci, kuma shi kaɗai ya isa a yi mata eko.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibiti. Allurar benzatin tana toshe mana allura, yara na gudunta saboda zafi, mu kuma muna tsoron wani ya faɗi a hannunmu. Ku taimaka da bayani dalla-dalla.

AMSA: Sannu da ƙoƙari, Sista. Awo tukuna: yunit miliyan 1.2 ga babban yaro da baligi, yunit 600,000 ga ƙarami. Iyakar nauyin ta bambanta tsakanin ƙa'idoji, wasu kilo 27, wasu 30, Ostareliya 20, don haka ki bi ta ƙasarki. Tazara kwana 28 ce, ba “duk wata” ba. Bambancin ba wasa ba ne: kwana 28 na ba da allura 13 a shekara, wata-wata 12, kuma ƙarfin maganin a jini yana raguwa sosai daga mako na uku. Wanda ciwon ya dawo masa duk da yana kan lokaci, a mayar da shi kwana 21. Abin da ake nema aƙalla kashi 80 cikin ɗari na allurai, wato 11 cikin 13.

Toshewa: maganin ba ya narkewa, gari ne ke yawo a ruwa, da ya zauna sai ya daskare a bakin allura. Kada a haɗa shi sai yaro ya riga ya kwanta an goge wurin. A zuba ruwan haɗi daidai yadda takardar maganin ta ce, a mirgina kwalbar a tafin hannu har ya haɗu sumul, a zuƙa da allura ɗaya, a sauya sabuwa mai lamba 21 a yi da ita. Kada a tura maganin ya cika bakin sabuwar allurar kafin a soka. Siririyar allura ba tausayi ba ce, toshewa take yi a soki yaro sau biyu. Wuri: can cikin tsoka, a sashen sama na waje na mazaunai ko gefen ƙugu, ana sauya ɓangare kowane zuwa. A ja baya a tabbatar babu jini, domin shigar wannan magani jijiya na iya kisa. A tura a hankali ba tsayawa, minti biyu zuwa uku.

Zafi: a bar maganin ya bar sanyin firji, a danna wurin da babban yatsa daƙiƙa goma kafin a soka, kuma inda ƙa'ida ta yarda a haɗa shi da lidoken mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, wanda ke rage zafi ba tare da rage ƙarfin maganin ba.

Faɗuwa iri biyu ce. Mummunar bijirewar jiki ga penisilin ba ta da yawa. Wani bincike na ƙasa da ƙasa da ya ƙirga allurai sama da 32,000 ya same ta sau 4, kusan ɗaya cikin 10,000. Duk da haka adirenalin, allurar ceton gaggawa a irin wannan hali, ya kasance a kan tebur kafin a buɗe kwalba, yaro kuma ya zauna aƙalla minti 15 zuwa 30 bayan allura. Ɗaya nau'in suma ce ta zafi da tsoro: jini ya sauka, bugun zuciya ya yi ƙasa. Ga mai ƙaramin ciwo ba komai ba ne, amma ga wanda bawul ɗinsa ya tsuke ƙwarai ko zuciyarsa ta raunana tana iya zama ajali. Saboda haka kowa ya ci wani abu ya sha ruwa kafin allura, a yi masa a kwance, ya tashi a hankali. Masu ciwo mai tsanani kuwa likitan zuciya ya duba ko a mayar da su kan ƙwayar penisilin V, miligiram 250 sau biyu a rana, duk da cewa ba ta kai allura kariya ba.

Tsawon lokaci ya danganta da abin da ya samu zuciya. Zazzaɓin da bai taɓa ta ba, shekara 5 ko har yaro ya kai 21, duk wanda ya fi tsawo. Ya taɓa ta ya warke, shekara 10 ko har 21. Ya bar lahani a bawul, shekara 10 ko har 40, wani lokaci har iya rayuwa.

TAMBAYA: Ina shugabantar wata makaranta. Tunda abin ɓoye yake, me zai hana a riƙa yi wa kowane ɗalibi eko?

AMSA: Ranka ya daɗe, niyyar mai kyau ce, amma a fara daga ƙarshe a dawo farko. Kafin na'ura ta shigo harabar makaranta, a amsa waɗannan: wa zai yi hoton tabbatarwa, kuma cikin mako nawa? Ina penisilin ɗin yake, zai samu shekara da shekaru ba yankewa? Wa ke riƙe da rajistar sunayen yaran, wa zai bi sawun wanda bai zo allura ba? Benzatin magani ne mai arha wanda masana'antu kaɗan ke yin sinadarinsa, shi ya sa yake yawan yankewa a duniya. A gaya wa uba cewa zuciyar ɗansa ta taɓu, sannan a naɗe na'ura a tafi, wannan cutarwa ce. Yaron ya tashi daga lafiyayye ya koma “mai ciwon zuciya”, a hana shi wasa, a tsangwame shi, alhali ba a ba shi abu ɗayan da zai amfane shi ba. Inda aka shirya waɗannan, tankaɗen yana da amfani, kuma an nuna ma'aikatan jinya na iya koyon hoton farko da na'urar hannu cikin ɗan gajeren horo.

A tuna kuma eko ba ya hana yaro ko ɗaya kamuwa. Ƙasashen Turai sun fara rabuwa da ciwon tun kafin zuwan penisilin, da aka rage cunkoson gidaje. Lardin Pinar del Rio na Kyuba ya karya shi tsakanin 1986 da 1996 da abubuwa masu sauƙi: wayar da kai, maganin maƙogwaro, rajista da allura a kan lokaci. A 2018 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri kan wannan ciwo, tana neman ƙasashe su ɗauki irin wannan hanya. Abin da ke hannunka yau: a rage cushewa a aji da ɗakin kwana, a buɗe tagogi, a samar da ruwa da sabulu, a aika duk mai zazzaɓi da ciwon haɗiya asibiti a ranar, kuma ɗalibin da ke kan allura a ba shi izinin fita ba tare da ya yi roƙo ba.

TAMBAYA: 'Yata mai shekara 15 tana kan allurar. Za ta iya wasannin motsa jiki? Kuma nan gaba, aure da haihuwa fa?

AMSA: Idan ciwon mai sauƙi ne, matakin A ko B, ta yi wasanta kamar kowa; zaunar da ita ba ya kare bawul. Mai matsakaici ko mai tsanani ce likita zai yanka wa iyaka bayan ya ga hoto. Ta kula da haƙoranta sosai, ta shaida wa likitan haƙori halin da take ciki, domin ƙwayoyin baki na iya bin jini su zauna a kan bawul mai tabo.

Aure ba matsala. Ciki ne ke son shiri, domin jinin mai juna biyu yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, bugun zuciya ya ƙaru, kuma tsukakkiyar ƙofa ba ta iya wuce da wannan lodi. Mata da yawa a watannin tsakiyar ciki ko wajen haihuwa ake fara gano ciwonsu. Don haka a yi eko kafin ɗaukar ciki, ba bayansa ba. Idan maitiral ya tsuke, ana iya buɗe shi da balan-balan da ake turawa ta jijiyar cinya ba tare da an tsaga ƙirji ba, matuƙar fallayen ba su sandare ba. Idan ta kai ga tiyata, gyaran bawul ɗinta ya fi sauya shi in zai gyaru: na ƙarfe yana daɗewa amma yana ɗaure mace da wafarin, maganin hana daskarewar jini, har abada, wafarin kuma yana iya illata ɗan tayi a farkon ciki, na tsokar dabba ba ya buƙatar haka, sai dai yana saurin lalacewa a jikin matasa. Allurar penisilin ba ta cutar da ciki ko shayarwa, kada a dakatar da ita. Ta riƙe katin allurarta da kwafin hotonta na ƙarshe, ta nuna su a ranar farko ta awon ciki.